Yadda Miƙau Ya Mayar da Duwatsunsa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ke ƙasan tudu ya san gonar Miƙau, ko da bai san mai ita ba. Ita ce wadda ke kwance a jikin gangare kamar an jingina tabarma da bango, kunyoyinta sun taso daga can sama sun sauko har ƙasa a miƙe sak, babu wadda ta karkace ko da faɗin yatsa. Daga nan sunan ya samo asali. Tun yana saurayi, in zai yi huɗa sai ya kafa turke a sama, ya kafa wani a ƙasa, ya ja igiya, ya tsaya yana rufe ido ɗaya kamar mai harbin tsuntsu. Sunansa na gaskiya kuwa, sai dai a duba katinsa na asibiti.

Dogon mutum ne, siriri, mai ɗan gemu tsinini. Komai nasa a miƙe yake. Takalmansa a ƙofar ɗaki jere suke kamar sojoji. In igiyar shanya ta ɗan saki, sai ya tashi daga kan abinci ya je ya ɗaure ta. Matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Biyu saboda tagwayen 'yan matan da ta haifa, waɗanda yanzu kowace ke ɗakin mijinta, takan ce shekara talatin suna tare, abu ɗaya ne ya gagare shi miƙarwa a gidan, shi ne harshenta.

Bayan miƙaƙƙun kunyoyi, abin alfaharinsa na biyu shi ne gonarsa ba dutse. A zamanin mahaifinsu gonar cike take da duwatsu, manya da ƙanana, tsohon kuma ba ya taɓa su. Kewaye su yake yi, kunyoyinsa su yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji. Miƙau ya tashi da takaicin wannan abu. Ranar da gonar ta dawo hannunsa, baro ya fara saya. Shekara ashirin da biyu yana tsintar dutse yana turawa can ƙasa, yana jibgewa a kusurwar iyaka, har tarin ya fi mutum tsawo, ya zama kamar katanga. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Kai, wannan gona kamar tsakar ɗaki!" Shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, alhali kunnuwansa har motsi suke don daɗi.

Abin da bai lura ba, ruwa yake share wa hanya.

Shekarun farko ba a ga komai ba. Ƙasar baƙa ce mai laushi, in ka dunƙula ta a hannu sai ta zauna, in ka tona sai ka ga tana tana mutsu-mutsu a ciki. Amma kowace damina, da ruwa ya sauko, kowane kwarin kunya sai ya zama lambatu. Ruwan ya taso daga sama, babu dutsen da zai ce masa sannu, babu kwanar da za ta rage masa gudu, ya gangaro a guje ya yi gaba da abin da ya samu. Abin da yake fara samu kuwa shi ne na sama, mai laushin nan, mai abincin. A hankali baƙar ƙasa ta koma ja, ja ta koma fari-fari mai tsakuwa. Fartanyar da a da take shiga shiru ta fara ƙara ƙwal-ƙwal. A yi ruwa yau, jibi gonar ta bushe ta yi ɓawo. Tana ta yi ƙaura. Masara ta daina wuce ƙugu, ganyenta rawaya, goyonta kamar babban yatsa.

Duwatsu kuwa, yana kwashewa wasu na leƙowa.

"Duwatsun gonar nan haihuwa suke yi," in ji shi.

Ba haihuwa suke yi ba, bawan Allah. Mayafinsu ake yayewa.

Sai ya koma wa takin zamani. Ya barbaɗa da safe, hadari ya haɗo da la'asar, kafin rana ta faɗi takin ya sauka gonar Gajere, maƙwabcinsa na ƙasa. Shi Gajere bai taɓa sanin nauyin buhun taki a kafaɗarsa ba, amma masararsa sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshenta. Kuma ba shi da kara. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya tako har iyaka, ya ɗaga hannu biyu.

"Maƙwabci, mun ga saƙo! Allah ya ƙara arziki. Sai dai na bana ya ɗan yi tsakuwa, a riƙa tacewa kafin a aiko."

Miƙau ya yi tsaki ya juya masa baya.

Gonar ba ta Miƙau ba ce shi kaɗai. Gado ce, shi da wansa, tsohon direban babbar mota da ke zaune a birni, mai tumbi da takalmi mai sheƙi. Ana ce masa Direba, Miƙau kuwa Yaya yake ce masa. Shekara da shekaru Direba bai sa baki a maganar gona ba. Wata ranar bazara sai ga shi ya zo da baƙo, wani mai haƙar tsakuwa da ake kira Mai Tifa. Suka hau gonar su uku. Mai Tifa ya shuri ƙasa da ƙafa, ya tsuguna ya ɗebo, ya murza, fuskarsa ta washe.

"Wannan ai ba gona ba ce, arziki ne. Tsakuwa zalla, ko tankaɗe ba ta so."

Miƙau bai taɓa jin yabon da ya soke shi kamar wannan ba.

Da suka dawo gida Direba ya tsaya gaban rumbun mahaifinsu, ya ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa. Rumbun ya amsa kamar ganga.

"Ka ji ko? A zamanin Baba, rumbun nan cika yake har a zuba saura a ɗaki. Yanzu ɓera ma in ya shiga da kuka yake fitowa."

"Yaya, ƙasar ce ta gaji."

"To, in ta gaji mu sallame ta ta huta. Ni ba na son a ce na yi maka fin ƙarfi. Damina biyu na ba ka. In rumbun nan bai cika ba, katafila za ta shiga. Kai kuma ka zo birni, ina neman mai tsaron ƙofa."

Miƙau ya san abin da katafila ke bari in ta gama: rami mai zurfin gida, wanda kwaɗi ke haya a ciki. Ya kuma san cewa ban da fartanya, hannunsa bai iya riƙe komai ba. Kwana uku bai kula igiyar shanya ba, har kayan suka riƙa jan ƙasa. A nan Uwar Biyu ta gane abin ya kai inda ya kai.

A rana ta huɗu, da tsakar rana, ta kawo masa kwano a rufe ta dire gabansa. Ya wanke hannu, ya buɗe. Ƙasa ce a ciki, baƙa ƙirin, da danshinta.

"Uwar Biyu, yau kuma haukan nan ne ya motsa?"

"Ci mana, Malam. Ai girkinka ne, shekara ashirin yana kan wuta."

"A ina kika samo wannan?"

"Akuyata na bi. Na same ta a jikin tarin duwatsunka, ta ɓangaren sama, tana cin ciyawa ɗanya shar, a wannan ranin. Na ce bari in ga abin da ciyawar ke ci."

Bai ko ɗauki hula ba. Ya je jikin tarin ya durƙusa ya fara tono da hannu. Ya tona har wuyan hannu, baƙa. Har gwiwar hannu, baƙa. Har kafaɗa, bai taɓo tsakuwa ba. Ga tana nan kuwa, ashe ba nisa ta yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi gangaren, fari fat har sama, ya dubi katangar da ya gina da bayansa. Duk ruwan da ya biyo ta wannan kusurwa, duwatsun sun tare shi, ya tsaya, ya sauke kayansa, sannan ya tsiyaye ta tsakaninsu ya wuce. Abin da ya kora daga gonar shi ne kaɗai ya tsaya mata.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya je ya ɗauko baro.

Duk wanda ya ce tura dutse ƙasa wahala ne, bai gwada mayar da shi sama ba. Unguwa kuwa ta samu abin kallo. Masu zaman bakin hanya suka juya bencinsu ya fuskanci tudu. "Miƙau, mantuwa ka yi ne?" "A'a, ku ƙyale shi, yawon shan iska ya kai su, yanzu zai mayar da su gida." Miƙau dai ya ci gaba da tura baronsa. Kafin ruwan fari ya jera layi bakwai na duwatsu a gicciye, daga wannan iyaka zuwa waccan.

Sai dai hali ba ya barin mai shi don ya shiga uku. Da igiya ya ja su. Layi bakwai, kowanne a miƙe sak, gwanin kyau, har wani mai wucewa ya tsaya ya ɗauki hoto.

Shi kuwa tudu ba allo ba ne. Yana da ƙirji, yana da hammata. A tsakiyar gonar akwai ɗan loko da ido ba ya kamawa. Ranar da babban ruwa ya zo, ya bugi layin farko, bai tsaya ba. Ya bi jikin duwatsun daga dama da hagu ya taru a lokon nan, ya yi ƙarfi, ya fasa. Ya faɗa wa na biyu da ƙarfin biyu. Kafin a ɗauke ruwan, layi bakwai duk sun yi giɓi a wuri guda, ga kwazazzabo ya tsaga gonar gida biyu, zurfinsa har ƙugu.

Gajere ya tako iyaka, riƙe da dutse a kowane hannu.

"Maƙwabci, mun gode. Amma yau naman da ƙashi aka haɗo mana."

A wannan kaka rumbun ko rabi bai kai ba. Damina ɗaya ta tafi.

Abu guda ne ya hana Miƙau ajiye baro. A gefe-gefen layukan, inda aka yi sa'a duwatsun suka zauna daidai, ƙasa mai laushi ta taru kamar kaurin yatsa uku, masarar wurin kuma ta fi 'yan'uwanta kore. Yana tsaye yana kallon wannan sai ga ƙanin matarsa, Birkila, wanda gini ne sana'arsa, tsokanar mijin yayarsa kuma ita ce hutunsa. Ya zo da dogon tiyo siriri, irin wanda ake ganin ruwa ta cikinsa, a naɗe a kafaɗa.

"Mijin Yaya, an ce ka buɗe wa ruwa babbar hanya, har da gada bakwai."

"In tsiya ta kawo ka, ga hanya nan."

"Yaya ce ta aiko ni. Ta ce in zo in cece ta, ba ta son zama matar mai gadi. Ka ga, igiyar nan taka ta san miƙewa, amma ba ta san sama da ƙasa ba. Da ruwa kake faɗa, shi za ka tambaya inda yake son zama."

Ya cika tiyon da ruwa, ya ɗaure kowane baki a jikin sanda, ya yi wa sandunan zane a tsawo ɗaya. Ya ba Miƙau ɗaya ya riƙe, shi ya ja ɗayar ya yi taku goma.

"Duba naka. Ruwan ya kai zane?"

"Ya wuce."

"To ni ne a sama, bari in sauko. Yanzu fa?"

"Ya zauna a kai."

"Nawa ma. Ƙafata da taka tsawonsu ɗaya ke nan a jikin tudun. Kafa turke."

Haka suka yi ta yi, taku goma turke, taku goma turke. Da suka kai ɗaya iyakar Miƙau ya waiwaya, sai da ya dafe ƙirji. Turakun sun haura, sun lanƙwasa cikin loko, sun fito, sun sake karkata, kamar wanda ya kafa su jiri yake ji.

"Wannan abin zan jera wa duwatsu? A bakin hanya? Mutane na gani?"

"Mutane za su cika maka rumbu?"

"Bari in ɗan gyara wancan, ya fita da yawa."

"Taɓa shi ka gani, in kira Yaya."

Ranin nan kaf a kan gangare ya yi shi. Ya rushe layukansa masu kyau da hannunsa, ya sake jera su a kan turakun Birkila, manyan duwatsu a ƙasa an ɗan binne gindinsu, ƙanana a cusa a tsakani. Bakwai suka zama goma sha ɗaya. Kwazazzabon kuwa, sai ya datse shi wuri-wuri da duwatsu da rassan ƙaya. Baƙar ƙasar da ta taru a kusurwa ya kwaso ta baro-baro ya shimfiɗa a inda gonar ta fi yin sanƙo. Uwar Biyu ta share garken awakinta tas ta ba shi takin, ta kuma hana shi ƙona karan bara, ta ce a bar shi a kwance ya rufa wa ƙasa asiri. A bayan kowane layi ya dasa ciyawa mai kama ƙasa. Da lokacin huɗa ya yi, ya bi lanƙwasar duwatsun, ya shuka masara da wake a tsakani. An ce ranar da ya yi kunyar farko a karkace, idonsa a rufe ya ƙarasa ta.

Ruwan da ake jira ya zo wata rana da hantsi, a tsakiyar damina. Gari ya yi baƙi, iska ta kwantar da bishiyoyi, sannan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya gudu ɗaki. Miƙau ya kifa buhu a ka ya haura gona.

Ya tsaya a sama yana kallo. Ruwan ya taso yadda ya saba, da gudunsa da rashin kunyarsa, ya bugi layin farko. Ya nemi dama, babu gangare. Ya nemi hagu, babu. Sai ya bazu a jikin duwatsun, ya kwanta, ya yi shiru kamar baƙon da aka ba tabarma. Kaɗan ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu ya sauka, layi na biyu ya karɓe shi. Kowace kunya ta riƙe nata ruwan, gonar ta yi ta ƙyalli hawa-hawa. Miƙau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana santsi yana tashi, har ƙasa. Abin da ke fita daga layin ƙarshe ɗan siriri ne, garai-garai, har kana ganin tsakuwar da ke ƙarƙashinsa. Ya tara hannu ya ɗebo ya duba. Sai ya cire buhun ya yar, ya tsaya ruwa na dukansa, yana dariya shi kaɗai.

Washegari Gajere ya zo iyaka, hannuwa a baya.

"Maƙwabci, lafiya? Jiya mun ji shiru."

"Lafiya lau. An rufe kantin."

"Haba, ba haka ake zumunci ba."

"Buhun taki ba ya cizo, Gajere. Gwada ɗauka, ƙila ma ya ja ka ka ƙara tsawo."

Daga baya ruwa ya ɗauke har kwana goma sha takwas. Masarar mutane ta naɗe ganye kamar tabarmar da aka gama zama a kai. Ta Miƙau ta tsaya da korenta, don ruwan da ya kwanta a bayan duwatsu yana nan a ƙasa. Masu benci suka daina dariya. Biyu daga cikinsu ma an gan su suna tambayar inda Birkila ke aiki.

Kada a yi ƙarya, gonar ba ta warke duka ba. Can sama har yanzu sanƙo ne, masarar wurin sai a hankali. Amma daga tsakiya zuwa ƙasa, goyo bibbiyu, kowanne kamar damtse.

Da kaka Direba ya zo, Mai Tifa na biye da shi. Ya ƙwanƙwasa rumbu, rumbu bai amsa ba. Ya sa aka kawo tsani, ya hau da tumbinsa da nishinsa, ya leƙa.

"Bai cika ba."

"Saura kamu ɗaya, Yaya," in ji Miƙau.

"Wake buhu huɗu na cikin ɗaki," Uwar Biyu ta ɗaga murya daga madafa. "In ciko ake so, a zuba. Ko shi ba abinci ba ne a birni?"

"Amarya, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake, Yaya."

Direba ya sauko ya nufi gona, suka bi shi. Ya tsaya a layi na biyar, ya dubi duwatsun da ƙasa ta riga ta haɗiye rabinsu. Ya tsuguna da ƙyar, ya tura yatsunsa, suka shige ba gardama. Ya ɗebo ya dunƙula, ta zauna. Ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba.

Mai Tifa kuwa idonsa na wani wuri.

"Kai, madalla da wannan aiki. An ma jera mana duwatsun, lodi zai yi sauƙi. Da su za mu fara."

Direba ya miƙe a hankali, ya karkaɗe hannu.

"Malam, ka ga hanyar can da muka biyo? Tana nan inda muka bar ta."

"Amma ai kun ce in rumbu bai…"

"Rumbun ubanka ne ko na ubana?"

Mai Tifa ya sauka yana gunaguni, ya yi tuntuɓe da layi na tara, ya kusa kai wa na goma gaisuwa da goshi.

Suka rage su biyu. Direba ya ɗaga kai ya dubi sanƙon da ke sama.

"Can fa?"

"Yana son layi uku. Duwatsun na ƙasa, bayana kuma ya fara ba ni shawara."

Direba ya cire takalmansa masu sheƙi ya ɗora a kan dutse, ya naɗe ƙafar wando, ya sauka ya ɗauko baro. Dutse ɗaya tak ya sa a ciki. Ya turo, ya huta, ya turo, ya huta, gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa kamar tsohuwar motarsa a kan hawa. Da ya iso sama ya kifar da baron ya zube a gefe.

"Shekara talatin ina hawa tudu da lodi, ban taɓa sanin haka injin ke ji ba. To, ga shi nan. Ya zauna?"

Miƙau ya dubi dutsen, ya dubi turken da ke kusa.

"Bai zauna ba, Yaya. Tashi ka matsar da shi sama kaɗan."